Rasuwar Mai Huci, Mai Tsaron Bawul ɗin Tururi

"Mama, ƙarfe ma yana mutuwa?" in ji ƙaramar 'yarta, tana leƙen bandejin da ke hannun babanta.

Yana mutuwa. Shi ya sa, da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, uwar yara biyu, matar mai kula da tukunyar tururi a masana'anta, take sanar da rasuwar Mai Huci, ɗan injin da ke zaune kan babban bawul, wato makunnin bututun tururi, yana buɗe shi da ƙarfin iska.

Marigayin ba mai surutu ba ne. "Fsss" in zai buɗe, "gam" in zai rufe, shi ke nan. Muddin iska na zuwa, yana danne da sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle da ke cikinsa. Iskar na ɗaukewa sai ya sake shi, ya datse bawul ba tare da shawarar kowa ba. Halin nan ya jawo masa baƙin jini, don duk datsewa aiki ya tsaya, foman ya yi ta ashar. Daga ƙarshe aka soka masa guntun rodi a wuya, kada ya ƙara rufewa. Mijinta ne ya soka, da umarnin foman. Ta sani, kuma ba ta gama da mijin ba tukuna.

Ranar ajali bututu ya fashe, tiyon iska ya tsinke yana zabgar bango kamar bulala. Tururi ya tarwatsa gilasai, ya ritsa mijin a lungu yana kururuwa. Iska na ɗaukewa, marigayin ya afka wa rodin, ya lanƙwasa shi, ya karya shi, guntun ya huda kwanon rufi. Gam, bawul ya rufe, tururi ya tsaya. Wuyan marigayin ya tsage, robar cikinsa ta yage. Mijin ya fito da rarrafe, fatar hannu a saɓule, amma da ransa.

Ya rasu ya bar bawul, abokin zamansa, da kwampireso, injin da ke ba shi iska, wanda ya yashe shi a lokacin tsanani, da yara biyu da ba su zama marayu ba.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan tashi daga aiki, a baro, daga bayan sito zuwa wurin masu tsohon ƙarfe. Kada kowa ya kwance ta: sifirin bai huce ba, zai iya cire wa mutum muƙamuƙi. Ba a gayyaci foman ba.

Kai kuma mai karatu, an ɗaura sabon inji. In ya tsayar maka da aiki, zage shi son ranka. Amma ita ke kai wa mijinta abincin rana, kuma tana duba wuyan injin kafin ta sauke kwano. In ta ga rodi, a kanka zai ƙare.