Ungozomar Kyanwar Madam

A shekarata ta biyu ina tuƙi a Doha, Madam, matar kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin bizata, ta aike ni asibitin dabbobi da kyanwarta mai ɗingishi. Kyanwar har inshora gare ta. Ni kuwa, ni na take mata ƙafa da safe, ba wanda ya gani.

Likita ya ce, "Yaushe ta fara?"

Na gyara tsayuwa, na zuba Turanci: "Ai haka aka haife ta, likita." Ya rubuta. Na fito ina jin duk Qatar ba mai wayona.

Bayan mako biyu kamfanin inshora ya ƙi biya, wai tsohon ciwo ne, direban gida ma ya tabbatar. Madam ta karanta takardar a gabana, ta ɗago ta ce, "Wane direba?" Ni kaɗai ne direba a gidan. Nan take na hango an soke bizata, na hango filin jirgi. Na faɗi gaskiya, aka zare kuɗin daga albashina.

Har yau a ɗakinmu na unguwar Mu'aither, ko tuntuɓe wani ya yi, sai Malam Idi mai gadi ya nuno ni ya ce, "A kira ungozoma ta duba, ko haka aka haife shi."