Rasuwar Tsonka, Taraktar da Aka Raba Gadonta Tana Raye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai tafarfasa kuma, Rangel Kotsev, direba, yake sanar da mutanen ƙauyenmu rasuwar Tsonka, taraktar ƙungiyar manoma, wadda suka tsufa tare.

Marigayiya ba ta taɓa tambayar gonar wane ce ba. Ta yi wa zawarawa huɗa, ta ciro motar likita daga taɓo, ta kai amare coci. Da sanyin safiya takan yi tari, "ƙuhu, ƙuhu, tuf-tuf-tuf," Rangel ya lallashe ta har ta tashi.

Allah ya sani lafiyarta ƙalau. Ajali ya zo ranar da kwamiti daga birni ya rushe ƙungiya, ya ce kowane gida ya karɓi kasonsa. Shanu suka rabu, tumaki suka rabu. Da aka zo kan Tsonka, Rangel ya roƙi a bar ta ta kowa, a riƙa karɓa-karɓa. Aka ce wannan tunanin mutanen da ne. Velko, tsohon shugaban ƙungiya, wanda ya shekara da shekaru yana cika mana kunne da haɗin kai, shi ya kawo shawarar a kwance ta kowa ya ɗauki ɓangare. Mu kuwa wawaye, don kada maƙwabci ya fi mu, muka yarda. Rangel aka sa ya kwance ta da hannunsa, tunda shi ya san kusoshinta.

Velko ya bi gida-gida ya saye ɓangarorin a kuɗin gwangwan. Yau akwai shuɗiyar tarakta a gidansa, fenti sabo fil, tari irin na marigayiya. Rangel ya je neman a huɗe masa gona kafin ƙasa ta daskare. Marar kunyar ya kira shi ɗan'uwa, ya zuba masa abin sha, sannan ya ce zamani ya sauya, sai an biya ake kunnawa. Tir!

Ta bar Rangel, da matarsa Stamenka, da jikoki, da gona ba huɗa.

Za a yi makoki ranar Lahadi bayan coci, a bakin gonar. Kada a nemi gawa, tana bakin aiki. Za a raba dafaffiyar alkama yadda aka saba yi wa mamaci, kowa ya ci ya ƙoshi. Irin shukar bana ne Stamenka ta dafa.