Rasuwar Goggo, Rautar da Ta Jira Adireshi Shekara Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da waya mai cike da kiran kwastomomi, ni mai ɗan kamfanin intanet da ke saman shagon tela nake sanar da rasuwar rautarmu, wato na'urar da ke raba wa kwastomominmu intanet, wadda muke kira Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantarta, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Ga wanda bai sani ba, duk na'urar da za ta hau intanet sai da adireshi, wato lambar da ake gane ta da ita. Mu ƙananan kamfanoni aro muke yi wurin babban kamfanin da ke ba mu layi, shi kuma guda huɗu ya ba mu, yana bayarwa yana harara. Da huɗun nan marigayiya ta riƙe gida ɗari biyu da goma. Ba ta taɓa kai saƙon mai kemis gidan malamar makaranta ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba, in ban da "ƙirrr" ɗin fankarta, da "tit-tit" in wuta ta dawo.

Shekara biyu da suka wuce muka nemi namu na kanmu wurin hukumar da ke rabon adireshi. Kai, mun sha tambaya! Takardar rajista, zanen inda wayoyinmu suka bi, yawan kwastomomi, da hujjar cewa buƙata ce ta kawo mu, ba kwaɗayi ba. Hujjar ma daga cikin Goggo muka zaro ta. Suka ce adireshi ya yi ƙaranci a duniya, mu koma mu jira.

Injiniyanmu, Mai Tsani, ya sha gaya mini in kawo sabuwa kafin a kira mu. Ya ce ranar da muka tsaya da ƙafarmu za a turo wa rautarmu jerin hanyoyin intanet na duniya kaf, ita kuwa Goggo ƙwaƙwalwarta ba ta kai ba. Uwar 'ya'yana ma ta sa baki, ta ce ko ita ban taɓa yi mata irin wannan kara ba. Na kafe. Na ce wadda ta sha wulaƙancin aro ita za ta fara ɗanɗana namu.

Ranar Litinin saƙo ya iso: an ba mu adireshi ɗari biyu da hamsin da shida. Har rawa na taka a gaban tela. Washegari Mai Tsani ya roƙe ni a rage mata jerin, a ba ta daidai cikinta. Na ce a ba ta duka, ai ba yarinya ba ce.

Minti huɗu ta yi tana haɗiya. Fitilunta suka koma ja, ta yi "ƙirrr… ƙit", sai shiru. Mun kashe mun kunna sau tara, mun yi mata fifita da kwali, ina! Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, ni na kashe ta, kuma da ƙauna na kashe ta. Abin yana cina.

Ta rasu ta bar eriya uku a kan rufi, da batir mai ciwon kumburi, da tulin wayoyin da ita kaɗai ta san inda kowace ta nufa, da gida ɗari biyu da goma waɗanda tun Talata suke zaune suna kallon fuskokin iyalansu. Ta kuma bar adireshi ɗari biyu da hamsin da shida, sababbi fil, babu mai ɗaukar su.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali ranar Asabar da ƙarfe goma, a kai ta makwancinta a saman kabad. Mai Tsani ne zai jagoranta, tunda tsanin nasa ne, kuma an roƙe shi kada ya ce ai ya faɗa. Magajiyarta tana hanya, an ce sai mako mai zuwa.

Masu gaisuwa su tako da ƙafarsu. Kada kowa ya wahalar da kansa turo saƙo, don babu mai kawo mana shi.