Nomau da Allurar Laraba

A ƙauyen Dutsen Gwanki akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Manomi ne mai ƙarfi da kirki, amma yadda magana ta shiga kunnensa haka yake aikata ta, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gida, shi da matarsa Tabawa mai sayar da waina, sai awaki. Tabawa mace ce mai jiki. Da ƙishirwa da yawan fitsari suka dame ta har ta daina fita da tanda, aka kai ta asibitin gunduma, aka ce ciwon suga ne. Likita ya ɗora ta kan wata allura mai kama da biro, sau ɗaya a mako, mai saukar da suga da rage ƙiba. Malama Hannatu, ma'aikaciyar jinya, ita ta koya mata yadda ake yi, Nomau yana tsugune yana haddace kowace kalma.

Wata rana, washegarin dawowarsu, ya tuna an ce a ajiye allurar a wuri mai sanyi. Ya ƙulle ta a leda, ya sa a guga, ya zura cikin rijiyar unguwa, ya zauna a bakin rijiyar da sanda. Mata suka taru da tulunansu.

"Nomau, matsa mu ɗebi ruwa."

"Ba hali. Magani yana hutawa."

Har rana ta take ba wadda ta ɗora tukunya. Sai da Tabawa ta zo da kanta ta janyo gugan, ta kai allurar wurin mai kemis, wanda yake da firij mai aiki da hasken rana. Ya ce ta bar ta nan, ba zai bari ta yi ƙanƙara ba, don in ta daskare ta lalace.

Wata rana da sassafe Tabawa ta fito daga ɗaki, ta tarar da mata zaune a tsakar gida: Laraba mai kitso, Laraba matar mahauci, har da wata tsohuwa Laraba da aka riƙo da ƙyar. Nomau yana tsaye a gefensu.

"Malam, lafiya?"

"Ba Malama ta ce duk Laraba a yi allura ba? Waɗannan na samu. Ɗaya ta tafi biki."

Tabawa ta yi dariya har ta dafe bango. Ta ce ranar Laraba ake nufi, kuma biron nan na mutum ɗaya ne, ba a raba shi ko da an sauya tsinin. Matar mahauci ta shafa cikinta ta ce ita fa tana so, ta ji yana rage ƙiba.

"Je ki asibiti a gwada ki tukuna," in ji Tabawa. "Ba kowane jiki yake karɓa ba."

Ta sallame su da waina.

Wata rana kuma Nomau ya ce ai Malama ta ce a riƙa canza wurin yin allura. Wannan makon ya shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, na gaba a zaure, na gaba kusa da turken awaki. Tabawa ta biye masa don a zauna lafiya. Da wurare suka ƙare a gida, sai ga shi da aron amalanke da jaki zai kai ta ƙauyen gaba. Nan ta ƙi. Da suka koma asibiti, Malama Hannatu ta nuna masa da yatsa: ciki, cinya, damtse.

"A jikinta za a canza, Malam Nomau, kada fatar wuri ɗaya ta yi tauri."

"To," in ji shi. "Jakin ma zai huta."

Aka ce Tabawa ta riƙa rage abinci. Duk abin da ta rage, Nomau ya share kwanon don kada a saɓa wa asibiti. Ita tana faɗawa, shi wandonsa yana matse shi. Sugan ya sauka, ta koma bakin tandarta.

Wata rana maganin ya ƙare, suka je asibiti aka ce sai wani mako zai iso. Malama Hannatu ta raka su bakin ƙofa ta ce, "In ka ga wani sabon abu tare da ita, kada ka jira, ka zo mini da gudu." Tana nufin amai mai yawa ko ciwon ciki mai tsanani.

Ranar Laraba sai ga Hashimu, yayan Tabawa, daga birni. Ya kawo mata tsarabar atamfa, har da biron allura da ya saya da araha wurin wani ɗan kasuwa. Tabawa ta yi murna, ta wanke hannu, ta zauna za ta yi. Nomau ya leƙo.

"Wannan sabo ne?"

"Dal," in ji Hashimu.

Nomau ya fizge biron ya fita a guje. Hashimu ya bi shi yana ihu, Tabawa ta tsayar da mai babur ta bi bayansu.

Malama Hannatu ta fara dariya da ta ji bayani. Da ta juya biron a hannunta, dariyar ta tsaya. Ta sa farce ta ɓare takardar jikinsa, sai ga wata a ƙarƙashi. Ta kira likita. Ya duba ya ce jabu ne, wani maganin suga ne daban aka liƙa wa suna, mai ƙarfin gaske. Da Tabawa ta yi shi yadda ta saba, da suganta ya faɗi ƙasa warwas, kuma daga ƙauyensu zuwa asibiti tafiya ce.

Hashimu ya zame ya zauna a ƙasa yana salati.

"Wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani, Yaya," in ji Tabawa. Ta juya wurin mijinta, wanda har yanzu yake haki, ƙafafunsa duk ƙaya. Ta goge ido da bakin mayafi. "Malam, na sha yi maka dariya. Yau kam na gode. Allah ya bar mini kai."

"Wannan karon ka ji daidai," in ji Malama Hannatu.

Nomau ya washe baki. Ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro atamfar da Hashimu ya kawo wa ƙanwarsa, ya ajiye a teburin likita.

"Ita ma sabuwa ce. A duba ta."