Ranar da Na Tausaya wa Jemagu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana, amma ta hana ni sukuni.

Jemagu ne suka tare a silin ɗakinmu a Tudun Wada, ga sunan jaririnmu ya ƙarato. Tsoron alhaki ya hana ni sa musu guba, na ce ramin da suke shiga kawai zan toshe. Bayan azahar na kwaɓa siminti na hau tsani.

Maƙwabcina Malam Sani ya leƙo ta katanga. "Malam, ka bari sai magariba mana, su fita kiwo."

"Na kasa kunne, babu motsi," na ce masa, har da murmushi.

Ashe barci suke yi. Na rufe su ciki kaf.

Ranar suna mata na shiga barka, suna fitowa da mayafi a hanci. Surukata ta ɗauke jaririn, ta ɗaga murya: "Ku ce wa mai tausayin nan ya zo ya fasa silin!"

Har yau Mai Tausayi ake kirana a unguwa. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini, akwai kaffara a kaina? Na tambayi limaminmu, dariya ta hana shi ba ni amsa.