Ƙorafin Sallau Mai Wanki

Tun da aka kafa kamfanin narka ƙarafa a bayan unguwarsu, Sallau mai wanki da guga bai ƙara ganin daidai ba. Ranar buɗe kamfanin har da shi a masu tafi, don an ce ci gaba ne ya zo. Ci gaban kuwa ya zo, sai dai baƙi ƙirin ya zo, ta wani dogon bututu da ke turnuƙe sama safe da yamma. In bawan Allah ya shanya farar shadda, kafin ya juya ta koma kamar tsumman goge tukunya. Masu kawo masa wanki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Alhaji Buwai, mutumin da ba ya sa komai sai fari. Shi ma ya rantse in aka sake mayar masa da riga ruwan toka, to sun raba gari.

Da abin ya ishi Sallau, sai ya kai ƙorafi ofishin kula da muhalli. Su kuwa mutanen ofishin nan akwai ladabi. Ba sa faɗa wa kamfani kwatsam, sai sun aika takarda mako guda kafin zuwansu, wai kada a ce ba su da tarbiyya. Saboda haka ranar da sifeto zai zo, tun da sassafe ake kashe injuna, a share ƙofa, a yayyafa ruwa, sama ta yi tas har tsuntsaye su dawo. Sifeto ya ɗaga na'urar awon hayaƙi sama, ya shiga ofishin manaja ya sha lemo, ya rubuta cewa iskar wurin ta fi ta ƙauyensu daɗin shaƙa. Kafin motarsa ta sha kwana, bututu ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Sallau bai daddara ba, ya yi ta kai ƙorafi. A zuwa na bakwai sifeto ya iso a fusace, ko lemon bai tsaya sha ba, ya wuce kai tsaye wurin wankin. Ya tarar igiyoyi sun cika da manyan riguna, Sallau na tsaye yana matse ta ƙarshe.

"Kai ne Sallau mai damun hukuma?"

"Ni ne, yallaɓai. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka! Ɗaga kai ka nuna mini hayaƙin."

Sallau ya ɗaga kai, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Gaskiya yau bai fito ba."

"Ni da aka tura har ƙasar waje taron ɗumamar yanayi, ni za ka koya wa hayaƙi? Dubi kayan da ka shanya, fari fat, ko ɗigon toka babu! Sau bakwai ina zuwa, ban taɓa ganin komai ba. Wallahi yau sai ka faɗa mini dalilin da kake taso ni, in ba haka ba a ofishin 'yan sanda za ka yini."

Sallau ya yarfe ruwan hannunsa, ya jawo benci ya goge da gefen rigarsa.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai, fararen kaya ne suka taru mini. Bismillah, ɗan zauna su ƙarasa bushewa."