Awarwaro Biyu, Layi Biyu

Jiya na dawo gida da gwiwa a kumbure da jikoki biyu da ba su hau komai ba, daga wurin da aka gina musamman don yara su hau abubuwa. Ku gyara zama.

Jikokin mata ne, sa'o'in juna. Ɗaya 'yar babban ɗana ce, wanda Allah ya buɗa wa, muna ce mata Lukuti. Ɗayar autata ce ta haife ta, malamar firamare da albashinta ke ƙarewa kafin ya iso, muna ce mata Tsigi. Duk hutu a ɗakina suke, gado ɗaya, faɗa a kan filo ɗaya. Na yi musu alkawarin kai su filin wasan bakin gari su hau babban lilon nan mai juyawa kamar tayar keke. Tsigi na tsoron sama, ta ce ba za ta hau ba sai tana riƙe da hannun Lukuti. A kan haka muka tsaya.

Filin nan na san shi tun yana na kowa: itatuwa, bencina, famfo a tsakiya. Sai Mai Girma Uban Ci Gaba, Allah ya ƙara wa motocinsa tsawo, ya ga ba daidai ba ne talaka ya huta haka nan kawai. Aka miƙa filin ga wani kamfani da ba wanda ya taɓa jin sunansa sai ranar. Aka sare itatuwan aka dasa na roba. Aka kwashe bencinan, don wanda ya samu wurin zama ba ya sayen komai. Famfon kuma aka ce ya tsufa, kamar ni.

A bakin ƙofa aka caje jakata aka ƙwace gorar ruwanmu, wai don lafiyarmu. Ɗana ya riga ya saya wa 'yarsa tikiti ta waya, ya manta yana da 'yar ƙanwa, saboda haka aka ɗaura wa Lukuti awarwaron roba ruwan zinariya. Ni da Tsigi na biya daga fanshona, aka ɗaura mana ruwan toka. Na tambayi yarinyar da ke taga nawa ne a mayar da na Tsigi zinariya. Ta faɗa. Na ce ta maimaita, don na zaci lambar wayarta take ba ni.

A gindin lilon muka gane ma'anar launin. Layi biyu ne. Na zinariya da rumfa da fanka, kusan ba kowa. Na toka a tsakiyar rana, ya lanƙwashe kamar hanji. Duk sanda lilon ya tsaya sai a fara kwashe 'yan zinariya, har waɗanda suka sauko yanzu suka zagayo, in kujera ta yi saura a jefa wa toka.

Lukuti ta leƙa rumfar, ta dawo ta tsaya tare da mu. Muna cikin gasuwa sai ga wani saurayi da nakatayi da wayar oba-oba a hannu, ya ce zinariya ba ta tsayawa a layin toka. Na ce yarinyar ce ta zaɓa, ubanta ya biya, ko rana ma sai an hana ta sha?

Ya rage murya. "Mama, tsari ne. In 'yan toka suka ga zinariya a cikinsu tana gumi, wa zai ƙara saye?"

Na yaba masa, don tun safe shi kaɗai ya faɗa mini gaskiya. Na nemi na sama da shi, aka kawo mini wani mai tumbi da kati a ƙirji an rubuta Manajan Farin Cikin Baƙi. Ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa tsohuwa, cewa a nan ba su da masu saye, baƙi gare su, kuma kowane baƙo an tanadar masa jin daɗin da ya dace da shi. Na ce a gidan da aka rene ni ba a ƙwace wa baƙo ruwa a ƙofa.

Nan Tsigi ta jawo gefen mayafina. "Kaka, mu me muka yi?"

Na yi shekaru ina koyarwa, yara sun tambaye ni abin da ya sa wata ke bin mutum da inda iska ke kwana, ban taɓa rasa amsa ba. Jiya na tsaya ina kallon itacen roba.

Tsigi ta ce wa Lukuti ta je ta hau ita kaɗai, ta ɗaga mata hannu daga sama. Lukuti ta kai hannunta baki. Ta sa haƙori ta tsinke awarwaronta, ta miƙa wa manajan, ta ce yanzu ba ta da launi, sai a bar ta ta tsaya inda take so. Manajan ya juya abin a hannu, ya ce awarwaron da ya tsinke ya mutu, kuma yaron da ba shi da awarwaro ba ya zama cikin fili. Aka haɗa mu da mai gadi ya raka mu waje cikin ladabi. An ce Tsigi na iya zama ta jira layinta. Ta dubi lilon, ta dubi hannun 'yar'uwarta, ta bi mu.

Da yamma na kai ƙara wurin maƙwabcina, tsohon akanta, mai ganin duk abin da aka yi wa farashi ya waye. Ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, kuma yara ba sa lura da irin wannan, gobe sun manta. Na ce Malam, wannan maganar manya ne suka ƙirƙiro ta don su samu barci. Ɗana kuwa ya bugo waya, tambayarsa ɗaya: ko na riƙo guntun awarwaron, ko za a mayar masa da wani abu.

Yau da safe na fito tsakar gida na tarar an rataya igiya a reshen mangwaro, 'ya'yan maƙwabta sun yi layi, jikokina suna ɗaura musu tsumma a hannu, wasu rawaya, wasu baƙi. Su biyun duk manajoji ne. Na ja kujera zan zauna a inuwa, Tsigi ta taso ta duba hannuna, ta ga awarwaron jiya yana nan.

"Kaka, ke toka ce. Koma can cikin rana."

Wanda ke da hanyar ganin Mai Girma ya gaya masa ya kwantar da hankalinsa, aikin nasa ya samu magada.